Gonar da ta raine ni, da baƙin da suke zuwa kallonmu

Mahaifinmu ya rasu ina da shekara takwas, a hatsarin mota, yana hanyar dawowa daga wurin aiki. Mahaifiyarmu ta ci gaba da fafutuka da mu biyu, ni da ƙanena, har ciwon da ta daɗe tana ɓoye mana ya kwantar da ita. Ba ta cika shekara biyu a bayansa ba. Allah ya jiƙansu da rahama.

Da aka watse daga zaman makoki, dangi suka zauna yanke shawara a kanmu. Muna gefe muna jin komai, ba wanda ya tuna ya ce mu ba su wuri. Baffa ya ce gidansa ya cika. Kawu ya ce aikinsa ya tsaya. Wata gwaggo ta ce za ta ɗauke ni in riƙa taya ta aiki, amma ba ta da inda za ta ajiye namijin. Ƙanena yana da shekara huɗu a lokacin. Bai gane maganar ba, amma ya gane shi ake nunawa, sai ya ƙanƙame gefen rigata. Yau da na girma na san nauyin ƙarin baki biyu a gidan da abinci ba ya kai ƙarshen wata, ban riƙe kowa a zuciya ba. A ranar dai, abin da ya zauna mini shi ne mun zama nauyin da kowa ke turawa ga ɗan'uwansa. Kakarmu ta wajen uwa ce ta katse zancen. Ta ce muddin tana numfashi ba za a raba mu ba.

Kaka tana da zuciya, ido ne babu. Yanar ido ta rufe mata idanu biyu, iyakarta ta bambance haske da duhu. Na bar makaranta ina aji huɗu, na koma girki da ɗebo ruwa da riƙe mata sanda. Abin da 'yan'uwa ke aikowa ba ya isa. Akwai daren da za ta ture kwano ta ce ta ƙoshi, alhali na san ba ta sa komai a baki ba tun safe. Ƙanena ya fara ramewa, gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa suka kumbura. Ni ban san sunan abin ba, sai daga baya na ji ana kiransa tamowa.

Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta kai labarinmu ga wata ƙungiya mai kula da marayu. Matar da suka turo ta yi ta zuwa tana zama da Kaka. Wata yamma Kaka ta kira ni, ta laluba ta kama hannuna, ta ce, "'Yar nan, ba gajiya na yi da ku ba. In na riƙe ku a nan, yaron nan ba zai ga baɗi ba, ke kuma haka za ki ƙare kina jan makauniya." Sharaɗi biyu ta gindaya musu: kada a raba mu, kuma duk hutun makaranta a dawo mata da mu. A shekarar 2007 muka tafi. Na yi fushi da ita fushi mai tsanani, ban ko waiwaya ba da motar ta tashi, kuma wannan fushin ya daɗe bai sake ni ba.

Wurin da aka kai mu gona ce babba a bayan gari. Akwai ɗakunan kwanan yara, da gonar hatsi, da lambu mai rijiyar burtsatse, da garken awaki, da akurkin kaji, da amyoyin zuma can nesa a gindin itatuwa. A ɗaya gefen kuma akwai ɗakunan saukar baƙi, masu fenti da furanni a bakin ƙofa. Shugabar gidan, wadda duk muke kira Mama, takan ce gidan nan tukunya ce a kan duwatsun murhu uku: abin da gona ta ba mu, abin da baƙi suka biya, da abin da masu taimako suka aiko. Gona tana ciyar da mu, rarar kayan lambu da ƙwai da zuma a kai kasuwa. Baƙi masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗin ɗaki da abinci da zagayen lambu, da wannan ake biyan makaranta da asibiti da albashin ma'aikata. Ƙanena ya warke cikin 'yan watanni. Ni kuma na koma aji.

Watannin farko ba na magana da kowa. Wanda ya fara samun kaina shi ne dattijon da ke kula da lambu, muna ce masa Baba. Bai taɓa tambayata yadda iyayena suka rasu ba, ko sau ɗaya. Ya nuna mini wani fangali a ƙarshen layi, ya ce, "Wannan naki ne. Abin da ya fito ke kika yi, abin da ya mutu ma ke kika yi." Tun rasuwar mahaifiyata ban sake mallakar komai ba, ko tufafin jikina na wasu ne da aka bayar. Wannan ɗan fili shi ne abu na farko da aka ce nawa ne.

Wurin Baba na koyi haɗa taki. A shimfiɗa busasshen ganye da karmami, a zuba kashin awaki da na kaji, a ɗora ɗanyar ciyawa, a barbaɗa toka da 'yar ƙasa, a yayyafa ruwa, a sake wani hawa. Sai ya soka sanda a tsakiya. Bayan 'yan kwanaki ya zaro ya ce in taɓa. In ta yi ɗumi, taki yana aiki, in ta yi sanyi to ruwa ya yi kaɗan ko iska ba ta shiga, sai a juya. Cikin wata biyu zuwa uku abin da muka tara ya zama baƙar ƙasa mai laushi, wari ya tafi. Ya koya mini dashe da yamma don kada rana ta kashe shukar kafin ta kama, da rufe gindin shuka da ciyawa don ruwa ya daɗe, da dalilin da ya sa ba a maimaita tumatir a inda aka cire tumatir ko barkono ko gauta, tunda dangi ɗaya ne kuma cutarsu ɗaya. Wata rana ya tumɓuke wake ya nuna mini wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar, ya fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja. Ya ce waɗannan ne ke mayar wa ƙasa ƙarfinta, shi ya sa masara ke yin kyau a bayan wake. Sai da na je makarantar aikin gona na ji malamai suna bayanin ƙwayoyin halittar da ke zaune a cikin ƙullin suna jawo sinadarin naitirojin daga iska. Baba bai yi boko ba, amma ba su ƙara mini komai a kan abin da ya nuna mini ba sai suna.

Albasata ta farko rabi ta ruɓe, domin na ci gaba da ba ta ruwa bayan wuyanta ya kwanta. Sauran rabin na kai ɗakin girki da kaina. Da dare aka ce a gaban kowa albasar da ke cikin abincin nan ta fangalina ce. Na kasa cin abincin don wani abu da ya tokare mini maƙogwaro. A ranar na fara jin cewa ni ma ina kawo wani abu, ba karɓa kawai nake yi ba. Wanda bai taɓa zama a hannun mutane ba da wuya ya gane girman wannan.

Dole in faɗi wani abu a nan, domin akwai wuraren da ake fakewa da sunan koyar da sana'a ana bautar da yara. Ƙididdigar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, suka fitar game da shekarar 2020 ta nuna yara miliyan 160 ne ke aikin da ya fi ƙarfinsu, kuma kusan kashi 70 cikin 100 a harkar noma suke. A gidanmu babbar gona leburori ake ɗauka a biya su. Mu namu ɗan lokaci ne bayan makaranta, ba ma taɓa maganin feshi, kuma lokacin jarrabawa Baba da kansa yake korar mu daga lambu. In yaro yana rasa aji saboda gona, ko abin da ya noma bai san inda ya tafi ba, wannan ba tarbiyya ba ce.

To, sai batun baƙi.

Ranar da mota za ta zo, a kan sa mu wanka da wuri, mu jeru a bakin ƙofa mu yi waƙar maraba. Suna saukowa da na'urorin ɗaukar hoto a wuya, da alewa, da ƙwallo, da fensira. Yawancinsu mutanen kirki ne, wasu har hawaye suke yi. Da farko ni ma ina murna, wa zai ƙi alewa? Ana zagayawa da su lambu na ɗan lokaci, amma kowa ya san ba kabeji suka zo gani ba. Suna shiga ɗakunan kwananmu, su ɗauki hoton gadajenmu, su ɗauki ƙananan su rungume. Yara suka gane wanda ya fi iya murmushi ko ya fi ban tausayi shi ke samun kyauta, sai kowa ya koyi nasa salon. Akwai yarinyar da in ta hango mota take cire takalmi ta ɓoye.

Wata baƙuwa ta zo aikin sa-kai ta yi makonni. Ƙanena, yana da shekara bakwai, ya liƙe mata. Ita ke ba shi abinci a baki, a cinyarta yake barci da rana, har ya fara kiran ta da sunan da muke kiran mahaifiyarmu. Na tabbata son gaskiya take masa. Da lokacinta ya cika ta yi kuka, ta ce za ta dawo, ta tafi. Ya daina cin abinci. Ya koma fitsarin kwance da ya daɗe da bari. Duk ƙarar mota sai ya ruga bakin ƙofa. Ta aiko da kati sau ɗaya, daga nan shiru. Da wata baƙuwar ta zo ya sake liƙewa, ta sake tafiya. Kafin ya kai shekara tara ya zama yaron da zai hau jikin duk wanda ya gani, amma ba ya yarda da kowa, har da ni. Ina kallon wannan yana faruwa da ɗan'uwana, ni kaɗai ce tasa a wurin, kuma ba ni da bakin hanawa.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wani tsoho mai kiwon zuma ya sauka a wurinmu, kusan duk kwanakinsa tare da Baba ya yi su, ba sa jin yaren juna sai nuni da hannu. Shi ya kawo mana amyar katako mai sanduna a sama, wadda ake ɗaga saƙa ɗaya-ɗaya a yanki mai zuma a bar mai 'ya'ya, ba sai an ƙona ƙudan ba. Bai ɗauki hoton yaro ko ɗaya ba. Har yau irin amyarsa muke amfani da ita.

Da na fara jin Turanci sosai aka sa ni cikin masu yi wa baƙi rakiya. A nan na ci karo da takardar tallar gidan. Hotona ne a gaba, ina goye da ƙanena, tun makon da muka zo, kafin kumburinsa ya saɓe. A ƙasa an rubuta cewa ba mu da kowa a duniya. Kaka kuwa tana raye, hutun da ya wuce ma a ɗakinta na kwana. Na ji kamar an binne ta da ranta don a samu abin rubutawa. Ba a jima ba wani baƙo ya saita mini na'urarsa ya ce in ba shi labarin yadda mahaifiyata ta rasu, kuma in kalli cikin gilashin in ina magana. Na ba shi, domin an koya mana kada mu ɓata wa baƙo rai. Bayan sun tafi na shiga bayan ramin taki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauke gawarta.

Ina da shekara goma sha shida na yanke shawarar zuwa wurin Mama. Na yi kwanaki ina juya abin, domin matar nan ita ta ceci ran ƙanena, ina tsoron kada a ce na yi butulci. Na durƙusa na ce, "Mama, ina da magana, ki yi haƙuri in ta yi nauyi. Lambu ake cewa suna zuwa gani, amma mu ake nuna musu." Na ajiye takardar a gabanta, na ce kakata ba ta mutu ba. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Da ta buɗe baki ba ta yi faɗa ba, tambaya ta yi: "'Yata, in suka daina zuwa, da me zan biya muku makaranta?" Ba ni da amsa. Na ce mata dai a nuna musu abin da hannunmu ya yi, a bar mu da fuskokinmu.

Ba nan take abubuwa suka canza ba, kuma ba maganata kaɗai ta canza su ba; ashe wasu daga cikin ma'aikata sun daɗe suna ƙorafi. An fara janye takardar. Sannan aka daina waƙar maraba, aka ja shinge tsakanin ɗakunan baƙi da namu, aka hana ɗaukar hoton yaro, aka daina karɓar masu aikin sa-kai na 'yan makonni a ɓangaren ƙananan yara. Wasu masu shirya tafiye-tafiye suka cire mu daga jerinsu, suka ce baƙinsu yara suke son gani. Kuɗi ya ragu ƙwarai. Ƙwan da muke ci aka koma kai shi kasuwa. Yaran gidan da dama suka juya mini baya, suna cewa ni na toshe musu alewa da ƙwallo, har wadda muke kwana gado ɗaya ta daina yi mini magana. Wannan shekarar ta yi mini tsawo. A hankali wasu irin baƙi suka fara zuwa: ƙungiyoyin manoma masu son ganin ban ruwa na ɗigo, ɗaliban makarantu, iyalai daga birni da ke kawo 'ya'yansu su tsinki tumatir da hannunsu su sayi zuma, da masu son hutu a wuri mai shiru.

A 2013 ƙungiyar ta biya aka yi wa Kaka aikin ido. Aiki ne da ba ya cin ko awa ɗaya, washegari aka cire bandeji. Ta kalle ni ta ce, "Ashe haka kika yi tsawo." Murna ta cika ɗakin, ni kuwa wani lissafi ne ya tsaya mini a rai, kuma bai bar ni ba har yau. Da an yi mata wannan aikin tun 2007, aka haɗa mata da awaki biyu da kuɗin makarantarmu, da ba mu bar ɗakinta ba. Abin da aka kashe a kanmu cikin wata guda a gidan marayu ya isa ya buɗe idon. Ba wanda ya yi mana mugunta; kowa hanyar da ya sani ya bi. Ƙanena ya koma wurinta a wannan shekarar, ƙungiya tana biya masa makaranta. Ni na zauna don in ƙarasa sakandare. Kaka ta rayu har ta ga na shiga makarantar aikin gona, kuma kafin ta rasu na nemi gafararta kan ranar da na ƙi waiwayowa. Ta ce ai ba ta gani ba.

Na dawo gidan a matsayin ma'aikaciya a 2019, mai kula da lambu, domin ƙarfin Baba ya ƙare. A wani horo da aka tura mu na gane abin da ya same mu ba namu ne mu kaɗai ba. UNICEF ta ƙiyasta marayu miliyan 140 a duniya a 2015, amma kimanin miliyan 15 ne kawai suka rasa uwa da uba duka. Sauran suna da ɗaya a raye. A Kambodiya gidajen marayu sun ƙaru da kashi 75 cikin 100 tsakanin 2005 da 2010, daidai lokacin da masu yawon buɗe ido ke ƙaruwa, kuma kusan uku cikin huɗu na yaran da ke ciki suna da uwa ko uba. A 2018 Ostareliya ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu don jawo kuɗin baƙi a matsayin nau'in bautar zamani. An karanta mana binciken da aka fara a Romaniya a farkon shekarun 2000, wanda ya nuna yaran da aka cire daga gidajen reno aka sa a hannun iyali, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari bunƙasar ƙwaƙwalwa da iya shaƙuwa da mutane. Ina sauraro ina ganin ƙanena a bakin ƙofa. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 game da renon yaran da ba sa hannun iyayensu sun ce talauci shi kaɗai bai isa dalilin raba yaro da iyalinsa ba, kuma kada a raba 'yan'uwa. Na biyun Kaka ta riga su faɗa. Na farkon kuwa ba wanda ya faɗa mata.

Sai ga korona. A watan Maris na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta annoba, aka rufe iyakoki, tafiye-tafiyen buɗe ido tsakanin ƙasashe suka faɗi da fiye da kashi 70 cikin 100 a shekarar. Ɗakunan baƙinmu suka zama kango. Masu aiko da taimako su ma ta kansu suke yi. Abin da ya rage shi ne gona. Muka cire furannin da aka shuka don ƙawa muka zuba wake da kabewa da dankali. Muka rage latas da sauran abin da baƙi ne ke ci, muka ƙara abin da ke ajiyuwa. Tumatir da ba a iya kai wa kasuwa muka yanka muka shanya. Albashi ya yi watanni bai fito ba, wasu ma'aikata suka tafi, kuma ban ga laifinsu ba. Ina kwana ina lissafin buhunan da ke rumbu da bakunan da ke jira. Yunwa dai ba ta shigo ba, da yardar Allah.

Wannan matsin ne ya sa muka yi abin da ya kamata a ce an yi tuntuni: muka shiga neman dangin kowane yaro da gaske. Mafi yawansu suna da kaka ko gwaggo ko yaya, wasu ma uwa. Ba kowane gida ne ya dace a mayar da yaro ba, akwai inda muka je muka dawo da shi saboda abin da muka gani. Amma da yawa abin da ya hana su riƙe yaran bai wuce abin da ya hana Kaka ba. Muka fara mayar da su da iri, da akuya, da alkawarin kuɗin makaranta, ni kuma ina bi gida-gida ina taya su kafa ɗan lambu a bayan ɗaki, wanda ruwan wanke-wanke ma zai iya riƙewa. Mun ɗauki darasi daga makarantun gona na yara da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara gwadawa a Mozambik a farkon shekarun 2000, don marayun da cutar ƙanjamau ta raba da iyayensu kafin su koya musu noma. Yaro yana zaune a cikin danginsa, yana zuwa gona koyo a ranakun da ba makaranta.

Yanzu baƙi sun dawo. Suna kwana, suna cin abin da lambu ya bayar, suna koyon haɗa taki da duba amya, suna biya, kuma a ƙarshen shekara muna aika musu bayanin inda kuɗinsu ya tafi. Har yanzu akan samu mai tambaya, "Ina yaran?" Nakan ce suna makaranta, ko suna gidajensu, kuma ni ma ɗaya ce daga cikinsu in yana da tambaya. Wasu ransu yakan ɓaci. Wasu kuma sukan zauna mu yi doguwar hira.

Ƙanena ya zama makaniki, yana da hannu sosai a aikin inji. Ba ya zuwa gonar. Ko da injin ban ruwanmu ya lalace, sai dai in ɗora a mota in kai masa. Ya taɓa ce mini, "Yaya, ke wurin nan ya ba ki lambu, ni ban san abin da ya ba ni ba." Na ce ya ba ka rai. Ya ce haka ne, ya yi shiru. Ban sake matsa masa ba. Yana da wahalar sakin jiki da mutane har yanzu, ya fasa maganar aure sau da dama da zarar abu ya kusa, kuma ina yi masa addu'a kullum.

Akwai 'yan yaran da suka rage a hannunmu, waɗanda duk nemanmu ba mu samo musu kowa ba. Su ne damuwata a yanzu, musamman manyan da ke dab da shekara goma sha takwas, domin ranar da suka fita ba su da ɗakin da za su ce nasu. Mun roƙi kwamitin ƙungiya ya yanka musu fili a gefen gonar, kowa ya noma nasa ya sayar wa ɗakin girkin baƙi a farashin kasuwa har ya tara abin kama haya ko jarin sana'a. An amince da gwaji da mutum uku a wannan daminar. Biyu sun riga sun yi share, ta ukun ta ce ita ɗinki take so, muna nema mata wurin koyo.